Alƙalin Kaji a Ɗakin Ɓeraye

Akwai wani mutum a bene na uku na cibiyarmu ta binciken magani, ba zan kira sunansa ba, ya san kansa, mai zuwa aiki a kan keke cikin wando ɗamamme kamar an narka shi an zuba a ciki. Shi ne ya ɗauki katin buɗe ɗakin ɓeraye ya damƙa wa Neville Tolhurst. Shi ne kuma ya ciro ni daga wajen ɓerayena ya tura ni yanka kek. Har yau yana wuce ni a baranda yana murmushi kamar ba shi ba, ana ta zagin Nev shi kaɗai. To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Nev mai kula da sito ne. Aikinsa ya sauke buhunan abincin ɓeraye da garin katako daga a-kori-kura, ya jera su, ya tafi ya sha shayi. Amma sau ɗaya a shekara, a baje kolin manoma na garinsu, ana sa masa farar riga ya yi alƙalancin kaji, kuma wannan yini ɗaya shi ya lalata masa sauran shekarar. Ya yanke wa kansa cewa duk abin da ke numfashi a doron ƙasa shi aka ba ikon ya dube shi ya faɗi darajarsa. Ya taɓa leƙa jaririn wata ma'aikaciyarmu ya ce ƙirjin ya cika, amma ƙafafun sai a hankali.

A lokacin Dakta Voula Petrakis tana da ɓeraye arba'in a hannuna, baƙaƙe wuluk, duk maza, kowanne an dasa masa ƙari a kwiɓi. Ashirin ana yi musu allurar wani dafi da ta tace daga ƙwayoyin cuta, don a ga ko zai rage girman ƙarin. Ashirin kuwa ruwan gishiri kawai. Shekara ɗaya da rabi ta yi tana tace dafin nan, ya kuma ƙare tas, ko ɗigo bai rage ba. Daga ni har ita babu wadda ta san kejin da ke samun dafi. Wata abokiyar aikinta ce ta haɗa allurai, ta rubuta lambobin kejin da ke samun dafi, ta liƙe a ambulan. Keji goma ne, ɓera huɗu a kowanne: ɗaya da huda a kunnen dama, ɗaya a hagu, ɗaya duka biyun, ɗaya babu. Sunan ɓera ke nan a wurinmu, lambar kejinsa da kunnensa. Ranar Alhamis da ƙarfe biyu za a yi awon ƙarshe, a buɗe ambulan.

Ranar Talata muna shayin ƙarfe goma, Nev ya tsoma biskit ɗinsa ya ce, "Dakta, ba raina karatunki na yi ba, amma ambulan ɗin nan ɓarnar takarda ce. Ki ba ni minti goma, da ido zan nuna miki waɗanda suka warke."

Na ce, "Nev, ka taɓa riƙe ɓera?"

"Na riƙe zakara mai kilo biyar yana neman idona, Rae. Ɓera kuma ɗan gidan wa?"

"Zakaran da ya fi ka hankali, shi ya sa ya nemi idon."

"Dabba dabba ce," ya ce, yana kaɗa mini biskit. "Ka dubi ido, ka dubi sheƙin gashi, ka dubi tsayuwa. Shekara goma sha tara ban taɓa ba kaza marar lafiya kintinkirin nasara ba."

Dakta ta yi dariya. "Ido yana ganin abin da zuciya ke so, Nev. Shi ya sa muka ɗaure namu."

"Naku dai," in ji shi. Biskit ɗin ya karye ya faɗa cikin kofin, bai ma lura ba.

Abin da ya haɗa gardamar, ranar Alhamis ɗin ce matan wata ƙungiya daga yankin Mallee za su zo ziyara. Matan manoman alkama ne, shekara uku suna toya kek suna sayarwa a bakin kasuwa don taimaka wa binciken Dakta. Ba a shigar da baƙo ɗakin ɓeraye. Akwai tagar gilashi a baranda, ta nan ake leƙawa.

Da safiyar ranar mutumin bene na uku ya same ni ina canza kwalaben ruwa. Ya ce in je ɗakin shayi in shirya tebura.

Na ce, "Dakta tana aji har sha ɗaya da rabi. Wa zai tsaya da ɓerayen?"

"Neville zai tura kantar kejin zuwa bakin taga kawai. Turawa ce, Raelene, ba tiyata ba."

"Ka ba Nev kati?"

"Na awa biyu."

"Awa biyu! Cikin minti biyu ya taɓa ƙona mana butar shayi, butar da ke kashe kanta!"

Ya dubi agogonsa, irin mai ƙirga bugun zuciya, ya tafi. Ni kuma na tafi yankan kek ina zagin wuƙar.

Ƙarfe sha ɗaya daidai bas ta sauke su, mata ashirin da biyu, tun asuba suke hanya, kowacce da gwangwanin kek a hammata. Shugabarsu Dulcie Hennig, shekararta saba'in da takwas, gajeriya, hannuwanta kamar tushen itace. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce mai ɓerayen? Madalla, 'yata. Mu je mu ga inda ƙwanmu da fulawarmu suka tafi."

Mutumin bene na uku ya ja mu zuwa taga yana jawabi. Labulen ciki a rufe yake. Sai aka zuge shi da ƙarfi.

Ga Nev. Ya ɗora farar rigarsa ta alƙalanci a kan rigar ɗakin, ya kafa malafa a kan hular leda. A gabansa babu kantar, babu keji goma. Manyan keji huɗu ne a jere kan tebur, irin na gafiya, kowanne an ɗaura masa kintinkiri: shuɗi, ja, fari, kore. Cikin kowanne ɓera goma. A bayansa kejina goma a tule, wayam, katunan lambobinsu na lilo. Can kan shiryayye ya jingina wayarsa da kwalba, tana kallonsa.

Na daki gilashin da tafin hannu.

"Nev! Me ka yi?"

Ya ɗaga mini hannu kamar ɗan takara, ya danna maɓallin magana. "Iyayena mata, barkanku da zuwa! An ce muku sai ƙarfe biyu za a san sakamako. Ni Neville Tolhurst na ce ba za ku yi tafiyar awa huɗu ku kalli lambobi ba. Shuɗi, waɗanda suka warke sarai. Ja, suna hanya. Fari, da sauransu. Kore, sai addu'a."

Wasu suka tafa. Mutumin bene na uku ma ya tafa, wallahi na gan shi da idona.

Dulcie ba ta tafa ba. Ta manna hanci a gilashi. "Ɗana, duk maza ne?"

"Duk maza, Mama, jarumai."

"Kuma daga keji daban-daban ka kwaso su?"

"Bisa cancanta."

"Kai da ke alƙalancin kaji, ka taɓa zuba zakaru goma a akurki ɗaya?"

Nev ya buɗe baki. Kafin ya samo amsa, kejin shuɗi ya amsa masa. Wata tsuwa ta tashi, garin katako ya yi sama, waɗanda suka warke sarai suka dunƙule suka zama ƙwallo ɗaya baƙa mai wutsiya goma. Jan keji ya kama. Fari ya kama. Har na kore, waɗanda sai addu'a, su suka fi kowa ƙarfin cizo.

Na ruga ƙofa ina ihu, "Raba su! Ɗaya-ɗaya! Kada ka buɗe duka!"

"Kwantar da hankalinki, Rae, na san maganinsu. Zakara in ya ji ruwa sai ya tuna da uwarsa."

Ya cire murafu huɗun a jere, ya ɗauki kwalbar feshi ya shiga yi musu ruwan sama.

Wanda bai taɓa ganin baƙin ɓeran gwaji ya ji ruwa ba, ya tuna gugguru a tukunya. Suka dinga tashi sama. Ɗaya ya sauka kan malafa. Ɗaya ya shige hannun farar rigar, Nev ya yi wata ƙara da ban san namiji na da ita ba, ya juya, gwiwar hannunsa ta kwashe kejin ja, ƙafarsa ta kwashe na fari. Ya ja da baya, ɗuwawunsa ya buɗe ƙofar ciki. Ƙofa biyu ce tsakanin ɗakin da baranda, ba a taɓa buɗe su tare. Amma ta wajen Nev ya tokare ta da buhun abinci tun da safe, wai ƙarar katin tana damunsa.

Sai ga su suna kwararowa ta tsakanin ƙafafuna kamar an ɓare buhun gawayi.

Mutumin bene na uku ya haye kujera. Keken dai ya yi masa rana, tsalle ɗaya ya yi.

Ni matan na juya na kalla, ina jiran kururuwa. Babu wadda ta yi ko tari. Na manta daga inda suka fito. Waɗannan matan sun ga shekarun annobar ɓeraye, lokacin da ake sa ƙafafun gado cikin bokitin ruwa kafin a kwanta, ake kwashe gawa da shebur kowace safiya. Mata ashirin da biyu suka sunkuya a tare, kamar a coci, kowacce ta ciro takalmi ɗaya.

"A'a!" Na baje hannuwa a gabansu. "Kada ku kashe! Don Allah kada ku kashe ko ɗaya! Shekara ɗaya da rabi ne ke gudu a ƙasan nan!"

Takalmin Dulcie yana sama, wani ɓera a ƙarƙashinsa yana wanke fuska. Ta dube ni kamar na ce mata alkama ba abinci ba ce.

"Rayayyu kike so?"

"Rayayyu, Mama!"

"Ikon Allah. Shekara sittin ban taɓa jin wannan ba." Ta mayar da takalminta. "To ki faɗa mana tun farko. Thelma, toshe ƙarƙashin ƙofar can da jakarki. Noreen, juye kek ɗin, gwangwanin muke so. Kowa ta bi bango, ɓera ba ya ratsa tsakiya. Kai mai ɗamammen wando, in ba za ka sauko ba, riƙe mana murafu."

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suna cafke ɓera ta gindin wutsiya ba tare da sun daina hira ba. "Wannan ai sangartacce ne, dubi ƙiba." "Namu na gida da tuni ya ci jakar ya wuce." Noreen ta kama biyu da hannu ɗaya tana tambayata ko akwai madara. Nev kuwa yana tsakiyar baranda yana tsalle yana dukan hammatarsa.

"Yana ciki! Rae, yana hawa!"

"Ka dubi idonsa," na ce, "ka dubi tsayuwarsa."

Dulcie ta zura hannu ta wuyan rigarsa ta zaro ɓeran kamar mai ciro zare.

Cikin minti goma sha biyu kowane ɓera yana cikin gwangwani ko kwalba ko kofi, shi kaɗai, mun jera su a bakin bango. Na ƙirga. Arba'in cif. A daidai nan Dakta ta shigo da littattafanta a ƙirji. Ta dubi gwangwanayen, ta dubi mutumin da ke kan kujera, ta leƙa ta taga ta ga kejin da ke tule. Ta ajiye littattafan a ƙasa.

Da ni ce Nev, da na nemi rami. Shi kuwa ya gyara malafa.

"Dakta, an ɗan samu hayaniya. Amma kafin ki yi fushi, ga albishir." Ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa ya fito da wani ɓera mai sheƙi, an ɗaura masa ɗan kintinkiri ruwan zinariya a wutsiya. "Zakaran gwajin dafi! Iyayena mata, ku shafa kwiɓinsa. Sumul! Ko alamar ƙari babu. Dafinki ya yi aiki, Dakta, ni na fara gani, a rubuta."

Matan suka matso. Thelma har ta fara share ido.

Dakta ta ce a hankali, "Daga ina ka ɗauko shi?"

"Can ƙasan kanta, an wulaƙanta shi shi kaɗai a wani keji mai jan kati."

Na ce, "Ɓeran gadi ne, sakarai."

"Ɓeran me?"

"Ɓeran gadi! Shimfiɗar sauran muke zuba masa duk mako, in wata cuta ta shigo ɗakin a gani a jikinsa. Ba a dasa masa komai ba, ba a taɓa yi masa allura ba. Ka ba wanda bai shiga tsere ba kofi!"

Sai Noreen ta ce, "To shi ya warke daga me?"

"Daga Nev ne bai warke ba," in ji Dulcie. Dariya ta fashe har mai kujera ya kusa faɗowa.

Dakta ba ta yi dariya ba. Ta zauna a ƙasa, a nan kan siminti, ta buɗe gwangwani ɗaya. Huda a kunnen dama. Ta buɗe wani. Huda a kunnen dama.

"Masu hudar dama goma ne," ta ce. "Ba tare da lambar keji ba, ban san wanda ya sha dafi ba, ban san wanda ya sha gishiri ba. In na rasa fiye da uku, lissafin ba zai tsaya ba. Yanzu na rasa arba'in."

Dulcie ta dafa kafaɗarta. "A sake mana, 'yata. Za mu ƙara toyawa."

"Dafin ya ƙare, Mama. Kuma kwamitin kula da dabbobi arba'in ɗin nan ya ba ni. Bayan wannan abin kunya, ba na jin zai ba ni ko kyankyaso."

Nev ya yi gyaran murya. "Ai na yi musu alama. Ba a alƙalanci ba alama. Ku duba wutsiya."

Gaskiya ne, kowace wutsiya da zanen tawada: launin kintinkirinta, da layuka daga ɗaya zuwa goma.

Na ce, "Wannan matsayin da ka ba shi ne, kan kabewa. Daga wane keji ya fito?"

"To, wannan kuma... ai na faɗa da bakina lokacin da nake ɗaukowa."

"Ka faɗa wa wa?"

Idonsa ya zame zuwa taga. Na bi idon. Wayar tana nan kan shiryayye, tana kallon ɗaki.

Na riga shi isa. Ya biyo ni yana roƙo. "Rae, 'yar uwa, bidiyon nan na abokaina ne na ƙungiyar masu kaji. Akwai maganganun da ba na mata ba. Bari in saurara ni kaɗai in rubuto muku."

"Kai? Ko sunanka ka rubuto sai na nemi shaida."

Ya kai hannu zai ƙwace. Dulcie ta shiga tsakaninmu, kanta bai kai ƙirjinsa ba. "Neville Tolhurst. Tolhurst na wajen rumbunan alkama? Na san uwarka. Buɗe wayar nan."

Ya buɗe.

Tawada ba ta daɗewa a wutsiyar ɓera, lashe ta yake yi, don haka babu lokacin ɓoye-ɓoye. Muka kwashi gwangwanaye zuwa ɗakin shayi, muka haɗa wayar da babbar talabijin. Dakta ta riƙe takarda, ni ina duba wutsiya, mata ashirin da biyu suka zauna da kofuna da kek kamar a silima. Nev aka ajiye shi a kujerar gaba.

Bidiyon awa ɗaya da minti goma. Ya fara da hancin Nev cike da allo.

"Jama'a, yau za ku ga yadda ɗan baiwa ke yi wa masu digiri aikin shekara ɗaya da rabi kafin shayi ya huce. Keji na ɗaya, mai hudar dama. Dubi ƙirji! Shuɗi, layi uku."

"Shuɗi uku!" na ce. Thelma ta ɗaga gwangwani. "Ga shi nan!" Dakta ta rubuta.

Haka muka bi su. Mutumin nan, saboda tsabar son jin muryarsa, bai ɗauki ɓera ɗaya ba sai da ya yi masa kirari da lambar kejinsa da kunnensa. A tsakani yana rera waƙa. A keji na huɗu ya tsaya ya gwada jawabin karɓar lambar yabo, sau biyu, na biyun har da kuka. A keji na biyar ya ce Dakta yarinyar kirki ce, sai dai ko ƙirga ba ta iya ba, ta ce arba'in ga arba'in da ɗaya. A na shida ya kwaikwayi tafiyata. Ɗakin ya kwashe da dariya. Na ce a ci gaba, zan same shi daga baya.

Sai keji na bakwai. Nev na cikin allo ya ɗaga ɓera ya ce, "Su kuma tsofaffin nan da ke zuwa, Allah ya sa kada shugabarsu ta kawo kek ɗinta. Bara a baje koli na ciji ɗaya, keji na bakwai hudar hagu ja biyar, sai da na je wajen likitan haƙori. Da shi aka gina rumbu, da ɓera bai taɓa shiga ba."

Kofuna suka tsaya a iska.

Dakta ta ɗago. "Ban ji lambar ba. Rae, mayar baya."

Na mayar. "...Allah ya sa kada shugabarsu ta kawo kek ɗinta..."

"Ja biyar ya ce ko ja tara?"

"Bari mu tabbatar," in ji ni. Na sake mayarwa. Na ƙara murya.

Sau huɗu muka ji shi. Na rantse uku daga ciki don kimiyya ne. Dulcie ta tashi, ta yanko kek ɗinta yanka mai kauri, ta ɗora a faranti, ta ajiye a cinyar Nev.

"Ci, ɗana."

"Mama, na ƙoshi."

"Ci. Akwai likitoci a ginin."

Ya ci. Kafin bidiyon ya ƙare ya ci yanka biyar, duk lokacin da na cikin allo ya buɗe baki, na kan kujera sai an ƙara masa.

Muka gano talatin da bakwai. Uku ruwan feshi ya wanke musu wutsiya fes, Dakta ta cire su daga lissafi. Ɗaya ne tak tsakaninta da asarar shekara ɗaya da rabi. Direban bas ya leƙo sau uku, matan suka ce ko motar za ta tafi ta bar su sai sun ga ƙarshe. Sai ƙarfe huɗu ta gama awo, ɓera bayan ɓera, ina riƙewa tana sa ma'auni, ina shafa wa masu cizo magani. Sannan ta yage ambulan a gaban kowa.

Ta daɗe tana lissafi. Ta cire tabarau ta goge.

"Ƙarin masu dafi ya fi ƙanƙanta," ta ce. "Ba duka ba, ba kuma warkewa ba ce. Ɓera ba mutum ba ne, kada wadda ta koma gida ta ce an samo magani. Kuma dole in rubuta wa kwamiti duk abin da ya faru yau, har da gwangwanin kek. Amma akwai abin da zan nuna musu. Akwai dalilin a sake."

Matan suka yi shewa. Dulcie ta rungume ta har tabarau ya faɗi.

Nev, baki cike da kek, ya ce, "Shuɗayena fa? Duk masu dafi ne, ko?"

Dakta ta duba. "Biyar dafi, biyar gishiri."

"Rabi ke nan! Ba laifi ga mai fara..."

"Kwabo ma in ka jefa shi sama rabi yake ci," na ce, "kuma ba ya sa malafa."

An karɓe katin a ranar. An hana shi wuce layin rawaya na bakin sito. Na ɗauka zai yi wata guda bai ɗaga ido ba. Talatar da ta biyo baya, ƙarfe goma, sai ga shi ya ja kujera, ya tsoma biskit.

"Ka ga, aboki," yake gaya wa sabon mai gyaran lantarki, "ranar da gwajin Dakta ya kusa rushewa, wa ya adana bayanai? Da wani mai kunya ne ya yi aikin nan shiru-shiru, da yanzu babu ko ɓera ɗaya mai suna. Ni kuwa komai sai na faɗa, komai sai na ɗauka. Talatin da bakwai, da bakin nan na cece su."

Na ajiye kofina da ƙarfi har shayi ya zube. "Kai ka haɗa su, Nev!"

"Wannan kuskure ne, Rae, kowa na yi. Ceton fa? Kowa na yi?"

Na buɗe baki. Ni da ban taɓa rasa amsa ba tun ina goye, na rufe shi.

Wata uku ke nan ina juya maganar a gaban injin wanke keji. Wautarsa ce ta jefa mu rijiya, wannan ko shi bai musa ba. Amma da wawa ne mai kawaici, da a can muka kwana. Cika bakin nan da nake tsana, shi ne igiyar. To kai mai karatu, in ka isa, ka ce ƙarya ne. Ka zo da hujjarka ranar Talata ƙarfe goma, ka faɗa a gabansa, ni zan dafa maka shayin da hannuna.